Jim Thorpe: Gwarzon Da Aka Goge Sunansa Daga Littafin Olamfik

 

Duk wanda ke zama a gindin bishiya idan an fita tara ya san musun da ba ya ƙarewa a makarantar nan: Messi ne gwani ko Ronaldo? Masu kallon ƙwallon kwando su ma suna da nasu, tsakanin Michael Jordan da LeBron James. Ni ma ina cikin masu wannan musu. Sai dai a wannan mako na kawo muku tarihin wani mutum da ya rasu tun 1953, wanda a ganina ya cancanci a riƙa sa shi cikin lissafi duk lokacin da ake maganar gwanaye. Sunansa Jim Thorpe, ɗan ƙasar Amurka. Ya buga manyan wasannin Amurka guda uku a matsayin sana'a, ya kuma ci lambobin zinare biyu a gasar Olamfik. Daga baya aka ƙwace lambobin, kuma abin da ya tona shi shi ne ya yi wasa da sunansa na gaskiya a wurin da wasu ke ɓoye nasu.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu san wasannin. Ƙwallon kwando mun san shi. Besbol wasa ne da ake jefo wa mutum ƙaramar ƙwallo ya make ta da kulki, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Shi kuwa abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba irin namu ba ne. Ya fi kama da zari-ruga, domin rungumar ƙwallon ake yi a ruga da ita, abokan hamayya suna ƙoƙarin kayar da mutum.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Jim Thorpe a watan Mayu na 1887, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Prague, a yankin da yanzu ya zama jihar Oklahoma. Shi ɗan asalin Amurka ne, wato daga cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar suka riƙa kiransu Indiyawa. Ƙabilarsa ita ce Sac da Fox. Sunan mahaifinsa Hiram Thorpe, mahaifiyarsa kuma Charlotte Vieux. A harshen ƙabilarsu an raɗa masa suna Wa-Tho-Huk, ma'ana hanya mai haske.

Tagwaye ne shi da ɗan uwansa Charlie. Tare suka tashi a gona, suna farauta, suna kamun kifi, suna hawan dawaki. Tare aka sa su a makarantar kwana da gwamnati ta buɗe wa yaran ƙabilarsu. Suna da shekara tara ciwon huhu ya kama Charlie ya rasu. Daga nan zaman makaranta ya gagari Jim. Ya sha guduwa ya koma gida a ƙafa, har mahaifinsa ya gaji ya tura shi wata makaranta mai nisa, Haskell, a jihar Kansas, don kada ya iya gudowa. Bayan 'yan shekaru mahaifiyarsa ta rasu sakamakon haihuwa. A 1904 aka kai shi makarantar Carlisle da ke jihar Pennsylvania, kuma a wannan shekarar mahaifinsa ya rasu bayan wani rauni da ya ji a wajen farauta. Tun bai cika shekara goma sha takwas ba ya rasa abokin tagwaicinsa da uwa da uba.

Makarantar Carlisle

Ya kamata mu san irin makarantar da ya shiga. Wani hafsan soja mai suna Richard Henry Pratt ne ya kafa ta a 1879, da nufin raba yaran 'yan asalin ƙasa da al'adunsu don su koma kamar Turawa. Idan yaro ya iso sai a aske masa dogon gashinsa, a sa masa kaya irin na soja, a hana shi magana da harshen iyayensa. Da yawa an canza musu suna. Ana kuma tura ɗalibai su yi aikatau a gonaki da gidajen Turawa, kuma Jim ma ya yi irin wannan aiki na wani lokaci. Yara da dama sun mutu a makarantar nesa da danginsu, kuma maƙabartarsu tana nan har yau. An rufe makarantar a 1918.

A wannan wuri ne baiwarsa ta bayyana. Wata rana a 1907 yana wucewa ta filin wasa sai ya ga 'yan tsallen sama suna atisaye. Ya nemi a bar shi ya gwada. Da kayan aikin da ke jikinsa ya tsallake ƙafa 5 da inci 9, wato kimanin mita 1.75, ya wuce duk waɗanda ke wurin. Labari ya kai kunnen mai horar da 'yan wasan makarantar, Glenn Warner, wanda aka fi sani da Pop Warner. Da farko Warner bai so ya sa shi a ƙwallon ƙafa ba, don gudun kada a karya masa gwanin guje-guje. Da ya ga yadda yake ratsa 'yan wasa da ƙwallo a hannu ba wanda ya iya kayar da shi, sai ya sauya shawara.

A 1911 ƙaramar makarantar Carlisle ta je ta doke Jami'ar Harvard da ci 18 da 15, a lokacin da Harvard ke cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar. Sau huɗu Thorpe ya buga ƙwallo da ƙafa ta bi tsakanin sandunan gola a wannan wasa. A 1912 kuma suka lallasa makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point da ci 27 da 6. Cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin tare shi a ranar har da wani matashi mai suna Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Wasan ya ja hankalin jama'a ƙwarai, domin ba a daɗe ba da daina yaƙi tsakanin sojojin Amurka da iyaye da kakannin waɗannan yara.

Zinare biyu a Stockholm

A watan Yuli na 1912 aka yi gasar Olamfik a Stockholm, babban birnin Suwidin. Thorpe ya shiga gasa biyu masu wahala. Ta farko ta haɗa wasanni biyar: dogon tsalle, jifan mashi, gudun mita 200, jifan faifai da gudun mita 1,500. Ya zo na ɗaya a huɗu, ya zo na uku a jifan mashi, ya ɗauki zinare.

Ta biyu ta haɗa wasanni goma, aka yi ta cikin kwana uku. Ana tsaka da ita takalman wasansa suka ɓace. Sai aka samo masa wasu guda biyu da ba iri ɗaya ba, ɗaya ma daga kwandon shara, ya ƙara safa a ƙafar da takalmin ya yi wa yawa. A hoton da aka ɗauke shi a filin ana ganin takalman nan. A haka ya gama da maki 8,412, ya ba wanda ya zo na biyu, Hugo Wieslander na Suwidin, tazarar maki 688.

Sarkin Suwidin, Gustav na Biyar, shi ya miƙa masa lambobinsa, ya kuma yabe shi a matsayin ɗan wasan da ya fi kowa a duniya. Da ya koma gida aka yi masa gagarumar tarba a titunan New York. Abin mamaki, a wannan lokaci 'yan asalin Amurka da yawa ba su da matsayin 'yan ƙasa a dokance. Sai a 1924 aka yi dokar da ta ba su duka wannan matsayi.

Yadda aka ƙwace lambobin

A wancan zamani dokar Olamfik ta hana duk wanda ya taɓa karɓar kuɗi don wasa shiga gasar. Dokar ta yi wa 'ya'yan masu kuɗi daɗi, tunda su ba sa buƙatar a biya su. Talaka kuwa sai ya zaɓa tsakanin abinci da wasa.

A lokacin bazara na 1909 da 1910, Thorpe ya buga besbol a wata ƙaramar gasa a jihar North Carolina, musamman a garin Rocky Mount. Kuɗin da ake ba shi kaɗan ne, wani lokaci dala 2 a wasa. Ɗaliban jami'o'i da yawa suna yin haka a lokacin hutu, amma sai su yi amfani da sunan ƙarya don kada a gane su. Thorpe ya yi wasa da sunansa.

A watan Janairu na 1913 wata jarida mai suna Worcester Telegram ta buga labarin. Thorpe bai musa ba. Ya rubuta wasiƙa ga James Sullivan, sakataren hukumar da ke kula da wasannin motsa jiki a Amurka, ya amsa cewa ya karɓi kuɗin, ya bayyana cewa shi ɗan makaranta ne a lokacin, bai san laifi ba ne, kuma ya ga wasu ɗalibai na yi. Ba a yi masa afuwa ba. Aka karɓe lambobinsa da kyaututtukansa, Kwamitin Olamfik na Duniya ya goge sunansa daga jerin zakaru. Aka ɗora Ferdinand Bie na Norway a matsayin zakaran gasa mai wasanni biyar, Wieslander kuma a ta goma. Shi Wieslander bai taɓa ɗaukar kansa a matsayin wanda ya yi nasara ba, a wurinsa Thorpe ne zakara.

Akwai abin da hukumomin suka kau da kai a kansa. Dokar gasar 1912 ta ce duk mai ƙorafi ya kawo shi cikin kwana 30 da rufe gasa. Labarin jaridar ya fito bayan kusan wata shida. Waɗanda suka hukunta shi da sunan bin doka sun tsallake tasu dokar. Su kuwa ɗaliban da suka yi wasa da sunayen ƙarya ba abin da ya same su.

Wasanni uku a matsayin sana'a

Da aka cire shi daga sahun masu wasa ba don kuɗi ba, manyan ƙungiyoyi suka yi ta ribibinsa. A 1913 ya sa hannu da ƙungiyar besbol ta New York Giants, ƙarƙashin koci John McGraw. A ƙarshen wannan shekara ya bi ƙungiyar zagayen duniya tare da Chicago White Sox, suka yi wasa a Japan da Masar da wasu ƙasashe, har suka buga a Landan a gaban Sarki George na Biyar. Ya yi kaka shida a babbar gasar besbol tsakanin 1913 da 1919, ya buga wa Giants da Cincinnati Reds da Boston Braves. A gaskiya besbol ba shi ne wasan da ya fi ƙwarewa a kai ba. Ya sha zaman benci, kuma ba su jitu da McGraw ba. Kakarsa ta ƙarshe a Boston ita ce ta fi kyau.

A ƙwallon ƙafa kuwa babu kamarsa. A 1915 ƙungiyar Canton Bulldogs ta jihar Ohio ta ɗauke shi a kan dala 250 kowane wasa, kuɗi mai yawan gaske a lokacin. Jama'a suka riƙa cika fili don ganinsa. Da shi ƙungiyar ta zama zakara a 1916 da 1917 da 1919. A 1920 masu ƙungiyoyi suka haɗu suka kafa gasar ƙwararru, suka naɗa Thorpe shugabanta na farko saboda kwarjinin sunansa. Wannan gasa ce aka sauya wa suna zuwa NFL a 1922, wadda a yau ita ce gasar da Amurkawa suka fi kallo. A 1922 da 1923 ya jagoranci wata ƙungiya mai suna Oorang Indians, wadda duk 'yan wasanta 'yan asalin ƙasa ne. Wasansa na ƙarshe ya buga shi a 1928 da Chicago Cardinals, yana da shekara 41.

Labarin ƙwallon kwandonsa ya daɗe a ɓoye. Sai a 2005 aka tsinci wani tikitin shiga kallo a cikin wani tsohon littafi, wanda ya nuna cewa a wajajen 1927 ya jagoranci wata ƙungiya mai suna World Famous Indians, tana yawo gari-gari tana wasa ana biyan kuɗi. Da haka aka tabbatar cewa ya ci abinci da duka wasannin uku.

Bayan ya daina wasa

Daina wasansa ya zo daidai da mummunan karayar tattalin arziki da ya faɗa wa Amurka daga 1929. A zamaninsa babu fansho ga 'yan wasa, shi kuma mutum ne mai sakin hannu, bai tara komai ba. Ya yi leburanci, ya haƙa kwalbati, ya yi gadi, ya riƙa fitowa a ƙananan matsayi a finafinai, galibi a matsayin sarkin Indiyawa. A 1945 ya yi aiki a jirgin ruwan dakon kaya. A 1932 da aka yi Olamfik a Los Angeles ba shi da kuɗin tikiti, sai mataimakin shugaban ƙasa Charles Curtis, wanda shi ma yana da jinin 'yan asalin ƙasa, ya gayyace shi ya zauna kusa da shi.

Ba za mu ɓoye rauninsa ba. Shan giya ya yi masa illa ƙwarai, ya taɓa lafiyarsa da aljihunsa da gidansa. Ya yi aure sau uku, biyu na farko sun mutu. Ya haifi 'ya'ya takwas, kuma ɗansa na fari ya rasu yana da shekara uku.

A 1950 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya tambayi marubuta wasanni, suka zaɓe shi a matsayin ɗan wasan da ya fi kowa a rabin farko na ƙarni na 20. A 1951 aka yi fim a kan rayuwarsa, Burt Lancaster ya fito a matsayinsa. Duk da haka, a daidai wannan lokaci da ciwon daji ya kama shi a leɓe, a matsayin marar galihu asibiti ya karɓe shi. Ya rasu ranar 28 ga Maris, 1953, sakamakon ciwon zuciya, a wani ɗan gida na tafi-da-gidanka a Lomita, jihar Kalifoniya. Yana da shekara 65.

Rigimar kabarinsa

Danginsa sun so a binne shi a Oklahoma bisa al'adar ƙabilarsu. Da gwamnan jihar ya ƙi amincewa da kuɗin gina masa wurin tunawa, sai matarsa ta uku, Patricia, ta ɗauke gawar. Ta yi yarjejeniya da wasu ƙananan garuruwa biyu a Pennsylvania, Mauch Chunk da East Mauch Chunk, masu neman abin da zai jawo musu baƙi. Garuruwan suka haɗe, suka sauya suna zuwa Jim Thorpe a 1954, aka binne shi a can, a garin da bai taɓa takawa ba yana raye. A 2010 ɗansa Jack ya shigar da ƙara don a mayar da gawar gida. Kotun farko ta goyi bayan iyalin a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2014, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron batun a 2015. Kabarin yana can har yanzu.

Dawo da sunansa

Shekara da shekaru iyalinsa da masoyansa suna roƙon a mayar masa da haƙƙinsa. Avery Brundage, wanda ya shugabanci Kwamitin Olamfik na Duniya daga 1952 zuwa 1972, ya ƙi. Shi wannan Brundage yana cikin waɗanda Thorpe ya kayar a Stockholm. Daga baya wani marubuci, Robert Wheeler, da matarsa Florence Ridlon suka gano littafin dokokin gasar 1912 mai ɗauke da sharaɗin kwana 30. A watan Oktoba na 1982 kwamitin ya amince, kuma a watan Janairu na 1983 aka miƙa wa 'ya'yansa sababbin lambobi a Los Angeles. Amma an rubuta shi ne a matsayin wanda ya raba matsayi na ɗaya da Bie da Wieslander. Sai ranar 15 ga Yuli, 2022, shekara 110 cif da nasararsa, aka ayyana shi a matsayin zakara shi kaɗai a gasannin biyu.

Ita kanta dokar da aka kama shi da ita an daɗe da watsar da ita. A 1992 Michael Jordan da sauran attajiran 'yan wasan NBA suka ci zinare a Barcelona. A 1996 Najeriya ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Atlanta da ƙwararrun 'yan wasa irin su Nwankwo Kanu, ba wanda ya tambaye su ko ana biyansu albashi.

Ra'ayina

A matsayina na mai son wasanni, idan aka tambaye ni gwanin gwanaye, zan sa Jim Thorpe a sahun gaba. Messi da Jordan kowanne ya mallaki wasa ɗaya. Thorpe ya yi gudu, ya yi tsalle, ya yi jifa, ya buga wasanni uku don neman abinci, ba tare da irin kayan horo da likitocin da 'yan wasan yau ke da su ba. Wanda bai yarda ba, allon nan a buɗe yake, ya kawo hujjarsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Duk lokacin da gasar makarantu ta matso, mukan ji ana raɗe-raɗin rage shekaru, ko ɗauko ɗan wasa daga waje a ba shi sunan wani ɗalibi. Wani zai ce ai tarihin Thorpe ya nuna mai gaskiya ne ke shan wuya, tunda masu sunan ƙarya sun tsira. Haka ne, ya sha wuya, kuma ya mutu bai ga lambobinsa ba. Amma saboda da sunansa ya yi komai, masu bincike sun iya bin sawunsa su ƙwato masa haƙƙinsa, kuma babu wani abu da aka tono daga baya da ya kunyata 'ya'yansa. Ina roƙon 'yan wasanmu su shiga fili da sunayensu da shekarunsu na gaskiya. Ina kuma roƙon malamanmu masu kula da wasanni, idan za a hukunta ɗalibi, a duba dokar gaba ɗaya, a kuma yi wa kowa hukunci iri ɗaya.

Wanda ke da wani gwarzo da yake so mu kawo tarihinsa, ya rubuta sunan ya jefa a akwatin kulob ɗinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga Sashen Wasanni, Kulob ɗin 'Yan Jarida